Maryamu Da Takwarorinta

Ran nan muna zaune a harabar wani ɗakin sujada bayan an tashi daga taron zumuntar mata, sai wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ɗaga murya ta ce, "Maryamu!" Nan take kawuna biyar suka waiwaya. Akwai matar mai bishara, akwai wata ungozoma, akwai 'yammata biyu na ƙungiyar mawaƙa, sai kuma wata mai jego da jaririnta a cinya. Kowa ya fashe da dariya. Tsohuwar ta ce, "To, ku yi haƙuri, ni mai ƙosan nan nake nema." Ashe akwai ta shida a bakin ƙofa. Yarinya ce da ba ta wuce shekara goma ba, da faranti a ka. Ranar kuwa Talata ce da hantsi, tsaranta duk suna cikin aji.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Mu iyaye mukan daɗe muna shawara kafin ranar suna, mu zaɓi sunan wata da muke so ɗiyarmu ta gāji halinta. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya kyautu mu bi sawun waɗansu mata masu wannan suna, na cikin Littafi Mai Tsarki, da na tarihi, da na littattafan hikaya, mu ga ko akwai abin da ya haɗa su banda sunan.

Asalin Sunan

Daga Ibraniyawa sunan ya fito, su sukan ce Miriyam. Larabawa suka ce Maryam, Turawan Ingila suka ce Mary, Faransawa kuma Marie. A wurinmu akwai Maryamu, da Maryam, da Maryama, da Mairamu, da Mairo, duk uwarsu ɗaya. Waɗansu masana sun danganta sunan da kalmar Ibraniyanci mai ma'anar ɗaci, waɗansu kuwa sun ce daga harshen Masarawan dā ne, ma'anarsa ƙaunatacciya. Waɗanda suka ƙirga sunayen da aka samu a kaburbura da takardun ƙasar Yahudiya na zamanin Yesu sun tarar ba sunan mace da ya kai shi yawa, kusan mace ɗaya cikin kowace huɗu ko biyar Maryamu ce.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna girmama sunan ƙwarai. Sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta Maryam, ita ce kuma mace kaɗai da aka ambaci sunanta a fili cikinsa. Suna ne da yake shiga gidanmu, ya shiga nasu, ba mai tare shi a zaure.

Yarinya A Bakin Kogi

Maryamu ta farko da muka sani 'yar bayi ce a ƙasar Masar. Fir'auna ya kafa doka a jefa kowane jariri namiji na Ibraniyawa cikin Kogin Nilu. Uwar Musa ta ɓoye shi wata uku. Da abin ya gagara, sai ta sa shi cikin kwando da ta shafe da ƙaro, ta ajiye cikin ciyayin bakin kogi. Yayarsa ba ta koma gida ba. Ta tsaya daga nesa tana kallo. Da 'yar Fir'auna ta tsinci jaririn, yarinyar nan ta matso gaban gimbiya ta ce tana iya nemo mata mai reno. Ta sheƙa ta kirawo uwarsu. Haka uwar Musa ta shayar da ɗanta, ana kuma biyanta lada daga gidan sarkin da ya so kashe shi. Littafin Fitowa sura 2 bai faɗi sunan yarinyar ba, amma Littafin Ƙidaya sura 26 ya nuna mana 'yar'uwar Musa da Haruna ita ce Maryamu.

Da ta girma ta zama annabiya, ita ta jagoranci mata da kiɗa da rawa bayan ƙetare Bahar Maliya. Duk da haka Littafi bai ɓoye laifinta ba. Ita da Haruna sun yi gunaguni a kan Musa saboda matarsa mutuniyar Kush, kuturta ta kama ta, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. Jama'a kuwa ba su tashi ba sai da aka komo da ita. Wadda ta jira jariri a bakin kogi, ita ma al'umma guda ta jira ta a jeji.

Uku A Gindin Gicciye

A Sabon Alkawari akwai Maryamu shida ko bakwai. Uwar Ubangijinmu budurwa ce 'yar Nazarat, an riga an yi mata baiko sa'ad da mala'ika ya kawo mata saƙo. Mu tuna abin da amsarta za ta iya jawo mata: aurenta da mutuncinta duka suna kan siraɗi, har Yusufu ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce. Ta karɓa. Su talakawa ne, gama hadayar da suka kai Haikali 'yan tsuntsaye biyu ce, wadda Shari'a ta yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Ta yi gudun hijira zuwa Masar da jariri a hannu.

Bisharar Yahaya sura 19 ta lissafa mana matan da suka tsaya kusa da gicciye, uku daga cikinsu Maryamu ne: uwarsa, da matar Kilofas, da Maryamu Magadaliya. Yawancin almajirai maza sun riga sun watse. Matan nan ba su da ikon hana kome, amma ba su tafi ba.

Game da Magadaliya, akwai gyara da ya kamata mu yi. Mun sha ji ana cewa dā karuwa ce. Littafi bai faɗi haka ba. Abin da Luka ya rubuta shi ne an fitar mata da aljannu bakwai, tana kuma cikin matan da suke taimakon Yesu da almajiransa da dukiyarsu. Wani wa'azi da Paparoma Giregori ya yi a shekarar 591 ne ya gauraya ta da mace mai zunubi ta Luka sura 7, maganar ta bi duniya. Ita ce ta je kabari tun da sauran duhu, ita ce kuma aka fara aika da labarin tashin Ubangiji.

Maryamu ta Betanya ta zauna a gaban Yesu tana sauraro, wato mazaunin almajiri, yayinda 'yar'uwarta Marta take fama da hidimar baƙi. Da Marta ta kawo ƙara, Ubangiji bai tura Maryamu gindin murhu ba. Akwai kuma Maryamu uwar Yahaya Markus. A kwanakin da Hirudus ya kashe Yakubu ya kulle Bitrus, a gidanta masu bi suka taru da dare suna addu'a. Wanda ya taɓa zama inda ake tsananta wa ikilisiya ya san buɗe ƙofa a irin wannan dare ba ƙaramin abu ba ne.

Mil 26 Domin Littafi Guda

Yanzu bari mu bar zamanin manzanni mu sauko kusa. A shekarar 1784 aka haifi Mary Jones a wani ƙauyen ƙasar Wales, cikin Birtaniya. Iyayenta masaƙa ne matalauta, ubanta kuma ya rasu tun tana ƙarama. Ta koyi karatu a makarantar ƙauye, amma ba Littafi Mai Tsarki a gidansu, gama na harshensu yana da tsada, ga wuyar samu. Shekara shida tana tara kuɗi kaɗan kaɗan. A shekarar 1800, tana wajen shekara 15, ta taka da ƙafa kamar mil 26 ta cikin duwatsu zuwa garin Bala, wurin wani fasto mai suna Thomas Charles, ta samo nata.

Abin ya taɓa zuciyar faston. Ya kai kukan mutanensa Landan, a shekarar 1804 kuwa aka kafa ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da ƙasashen waje. Wannan ƙungiya ce ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a shekarar 1932. Mary Jones ba ta taɓa jin sunan Kano ko Jos ba, ta tsufa tana saƙa a ƙauye, ta rasu a 1864. Amma littafin da kakanninmu suka fara karantawa da Hausa, akwai ƙurar ƙafarta a hanyarsa. Mu lura kuma: sai da aka koya mata karatu kafin ta yi marmarin littafi.

Uwar Tagwaye

Mary Slessor 'yar ƙasar Sikotlan ce, an haife ta a 1848. Ubanta baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta cinye shi. Tana shekara 11 ta shiga aikin masaƙa a garin Dundee, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. A 1876 ta sauka Kalaba. Ta koyi harshen Efik har ta ƙware, ta ci abincin mutanen wurin, ta zauna cikin ɗakin ƙasa kamar kowa.

A ƙasar Hausa haihuwar tagwaye abin murna ne, Hassan da Husaini 'yan gata ne. A wancan yanki kuwa a lokacin ana tsoronsu, ana cewa ɗayansu ɗan mugun ruhu ne. Da yake ba a san wanne ba, sai a yar da su duka a daji, a kori uwar daga gari. Ba Mary ce ta fara yaƙi da wannan al'ada ba, waɗansu 'yan mishan da waɗansu shugabannin Efik sun riga ta. Abin da ta yi shi ne ta shiga can ciki inda doka ba ta kai ba. A 1888 ta koma ƙasar Okoyong ita kaɗai da 'ya'yan da take riƙo. Da ta ji an haifi tagwaye, ko da tsakar dare ne, sai ta ruga. A can ta sami aminiya, Ma Eme, 'yar'uwar sarkin garin, wadda takan aiko mata labari a ɓoye in za a yi ɓarna. Ta reni yara da yawa a ɗakinta, har da Janie, 'yar tagwaye da ta zama kamar ɗiyarta ta fari. Daga baya gwamnati ta ba ta aikin shari'a a kotun yankin. Zazzaɓi ya yi ta cinta shekara da shekaru, ta rasu ran 13 ga Janairu 1915, aka binne ta a Kalaba.

Waɗansu Uku Kuma

Mary Seacole mutuniyar Jamaika ce, an haife ta a 1805, ta koyi jiyya da magani wurin uwarta. Da yaƙin Kirimiya ya ɓarke ta je Landan ta roƙa a tura ta jiyyar sojoji, aka ƙi ta. Sai ta tafi da kuɗin aljihunta a 1855, ta kafa masauki kusa da fagen fama, tana ciyarwa tana ɗaure raunuka. Ta komo ba ta da ko anini, sai da sojojin da ta yi wa jiyya suka tara mata gudummawa.

A ƙasarmu akwai Maryam 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yayarta Nana Asma'u ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake horar da mata da ake kira jaji, su shiga ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata. Da Asma'u ta rasu a 1864, Maryam ce ta riƙe aikin don kada ya mutu tare da mai shi.

Sai Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, haihuwar 1932. A 1960 ta so komawa gida jana'izar uwarta, sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke fasfonta. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shaidar abin da ake yi wa baƙar fata a ƙasarta. Wannan ya sa aka ƙwace mata zama 'yar ƙasa, aka hana sayar da fayafayanta. Ta zauna shekaru da yawa a Gini, ba ta sake taka ƙasar haihuwarta ba sai 1990. Ta rasu a 2008.

Na Cikin Hikaya

Marubuta ma sun so sunan nan. Waɗannan uku ba su taɓa rayuwa ba, amma duk mun san irinsu.

A cikin littafin The Secret Garden, na Frances Hodgson Burnett, wanda ya fito a 1911, akwai Mary Lennox, yarinya 'yar shekara goma da aka haifa a Indiya. Iyayenta masu hali ne, amma ba ruwansu da ita, barori suka rene ta. Ta taso da baƙin rai, ba mai sonta, ita ma ba ta son kowa. Kwalara ta kashe iyayen, aka kai ta gidan mijin gwaggonta a Ingila. Can wata 'yar aiki, sunanta ma Marta, ta soma yi mata magana kamar mutum. Mary ta gano wani lambu da aka kulle shekara goma, ta shiga gyaransa, daga nan ta jawo Colin, ɗan mai gidan, wanda ya daɗe kwance yana jiran mutuwa, har ya miƙe ya yi tafiya. Sai da wata ta kula da ita kafin ta iya kula da wani.

Ta biyu labarinta zai fi yi mana zafi, gama cikin gidan mai bi ya faru. Marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o ya fitar da The River Between a 1965. A ciki akwai Miriamu, matar Joshuwa mai wa'azi, mutum mai tsanani wanda ba ya jin kunyar dukan matarsa da sunan horo. Ɗiyarsu Muthoni ta gudu wurin dangi don a yi mata kaciyar mata bisa ga al'adar kabilarsu. Uban ya ce ba shi ba ita. Ciwon ya ruɓe, yarinyar ta mutu. Miriamu tana ƙaunar 'ya'yanta, amma an koya mata cewa bangaskiya ita ce yin shiru, tsoron miji kuwa ya ɗaure mata baki. Ba mu goyon bayan abin da Muthoni ta je yi, al'ada ce mai kisa. Amma uban da ya yafe ɗiyarsa tana kwance ba lafiya, da uwar da ba a bar mata bakin roƙo ba, wane littafi suka karanta? Wannan Maryamu tana da suna, tana da zuciya, wurin tsayawa ne aka hana ta.

Ta uku ita ce Mariam ta littafin A Thousand Splendid Suns, na Khaled Hosseini, 2007. A ƙasar Afganistan aka kafa labarin. An haife ta ba aure, an hana ta makaranta, aka aurar da ita tana shekara 15 ga wani baduku mai mugun hannu da ya haife ta a shekaru. Da ya yi mata kishiya, yarinya mai suna Laila, da fari ba sa ga maciji. A hankali wahala ta mai da su kamar uwa da ɗiya. Ran da mijin ya shaƙe Laila zai kashe ta, Mariam ta buge shi ya mutu. Ta ƙi gudu, ta ɗauki laifin ita kaɗai don Laila da 'ya'yanta su tsira, aka yanke mata hukuncin kisa. Zub da jini ba abin yabo ba ne, mai littafin ma bai ce haka ba. Tambayar da ya bar mana ita ce, ina dangi da maƙwabta suke duk shekarun da ake dukan matan nan? A ƙarshen labarin Laila tana da ciki, in mace ce kuwa, an riga an san sunan da za a sa mata.

Ta Bakin Ƙofarmu

Da muka jera su haka, mun ga ba arziki ya haɗa su ba, ba kuma rashin laifi ba. Akwai 'yar bayi, akwai 'yar malami, akwai 'yar mashayi. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne, sa'ad da ran wani ko hakkin wani yake cikin hatsari, kowa kuma yana ja da baya, su suka tsaya. Mun kuma ga kusan kowace akwai wanda ya fara tsaya mata: uwar da ta koya wa Seacole magani, makarantar ƙauye da ta koya wa Mary Jones karatu, yayar da ta bar wa Maryam aiki a hannu, Ubangiji da ya ce a bar Maryamu ta Betanya inda take zaune. Wadda ba ta sami mai tsaya mata ba, mun ga yadda gidanta ya ƙare.

Sai mu koma kan mai ƙosai. Mun tambaya, aka ce mana ubanta mai bi ne, yana da 'ya'ya biyar. Kuɗin makaranta ya yi masa yawa, sai ya bar maza uku a aji ya cire mata biyu. Ba mugun mutum ba ne, lissafin da da yawanmu muke yi ke nan. Amma shi da bakinsa ya raɗa mata Maryamu. Ya ba ta linzami, ya hana ta doki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matan zumuntar nan ba su bar maganar ta tsaya a dariya ba. Kafin su watse, matar mai bishara ta ce, "'Yan'uwa, mu biyar ne takwarorinta a nan. In kowace ta kawo abin da ta iya, ba za mu kasa kuɗin zango ɗaya ba." Ungozomar ta ce, "Mama, ni zan ɗauki kayan makaranta. Amma ke za ki je wurin babanta, ke zai ji kunya." Aka tsai da ranar zuwa.

Ya ku iyaye, a daren yau bayan addu'ar iyali, ku kira 'ya'yanku mata ɗaya ɗaya ku gaya musu dalilin da ya sa aka ba su sunayensu, ko Maryamu ce, ko Rifkatu, ko Hannatu, ko Ladi. Sa'an nan ku tambayi kanku abin da kuka tanadar musu don su iya ɗaukar sunan. Ku duba kuma unguwarku. Ba a rasa wata Maryamu a bakin ƙofa da faranti a ka, tana jiran wanda zai kira ta ciki.